Tambaya: wace irin rijiya ce ke riƙe elektaron alhali ba ta da bango?

Autan Samaru: Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina da tambaya, a yi haƙuri da ni in ta yi kama da ta yara. Yau a ajin fiziks malaminmu ya zana wani rami a allo kamar ƙwarya, ya ɗiga alli a tsakiya, ya ce wannan elektaron ne, ƙanƙanuwar ƙwayar nan mai cajin lantarki da ke cikin atam, ya faɗa rijiyar kuzari, ba zai fita ba sai an ba shi ƙarfin da ya kai zurfinta. Na rubuta, har na haddace. Amma tun da na dawo ɗaki abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina rijiyar take? Wa ya haƙa ta? Elektaron ai ba a ƙasa yake tafiya ba balle a ce ya gangara.

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Auta, tambayar ba ta yara ba ce, da yawa sun karɓi digiri ba su taɓa yin ta ba. Wancan zanen ba hoton wuri ba ne, hoton kuɗin mota ne. Tsayin layin a kowane wuri yana gaya maka kuzari nawa ƙwayar za ta biya kafin ta isa can. Mu nauyi ne ke kawo mana tudu da gangare. Ita kuwa ƙwaya mai caji, bolt ne tudunta. Mai cajin fozitif tana ganin inda bolt ya yi yawa kamar tsauni, inda ya yi ƙasa kuma kamar kwari. Elektaron da yake negetif ne, nasa a juye yake, tsaunin waccan shi ne kwarinsa. Riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Ma'aunin ma ba wuya. Kuzarin da elektaron guda ke samu in ya gangara bolt ɗaya shi ake kira elektaron-bolt. To a ce zurfin rijiyarka bolt 5 ne, elektaron ɗinka kuma yana da elektaron-bolt 2. Zai taso daga tsakiya a guje, yana hawa gudunsa na raguwa, in ya kai daidai inda bambancin ya cika bolt 2 sai ya tsaya cak ya juyo. Haka zai yi ta kai da kawowa kamar ƙwayar boris a cikin kasko. Abin da zafin ɗaki ke ba ƙwaya wajen kashi ɗaya ne cikin 40 na elektaron-bolt guda, ka ga rijiya mai bolt 5 ba ƙaramar rijiya ba ce.

Autan Samaru: Allah ya saka da alheri Malam. Ke nan babu wani bango, tura ce kawai ke ƙaruwa duk lokacin da ya yi nisa da tsakiya?

Malam Bazazzagi: Ka gama magana.

Kawu Bakano Mai Rediyo: In dai wannan ne ai ba sai an je jami'a ba. Shekara talatin na yi hannuna na cikin talabijin mai ƙusumbi. A bayan gilashin nan akwai wajen bolt 25,000, shi ke fizgo elektaron daga wuyan kwalbar ya maka shi a fuskar allo. Na san jan lantarki, na san turarsa, ya taɓa jefar da ni daga kan benci sai da na yi kwana biyu hannuna na rawa. Ku ba ni ƙwallayen ƙarfe shida, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, sauran gabas, yamma, kudu da arewa. In ɗaura wa kowanne wayar fozitif, in saka ƙwaya fozitif a tsakiya. Duk inda ta dosa a koro ta. Ɓera a tsakiyar kyanwa shida, ina za shi? Ga rijiya an haƙa, ko sisin bincike ba a kashe ba.

Malam Bazazzagi: Bakano da gaggawar kulle ciniki. Ɓeran naka ta tsakanin kyanwoyin zai sulale.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Bazazzagi da ja-in-ja. Ta ina?

Yayar Kowa: Kawu, ku yi haƙuri, Malam ne da gaskiya a nan. In ƙwayar ta nufi ɗaya daga cikin ƙwallayenku kai tsaye, tabbas tudu za ta tarar, za ta dawo. Amma in ta bi ta kusurwa, wato tsakanin sama da gabas da arewa misali, guda ukun nan kowanne turarsa ta gefe ce, suna kashe wa juna ƙarfi, su kuma ukun da ke bayanta suna ingiza ƙeyarta waje. In aka yi lissafin, ta wannan hanyar gangare ne. Irin waɗannan kusurwoyi takwas ne a tsarinku.

Kawu Bakano Mai Rediyo: To sai me? A ƙara ƙwallo takwas a toshe su.

Yayar Kowa: Sai sababbin kafofi su buɗe a tsakanin goma sha huɗun.

Kawu Bakano Mai Rediyo: 'Yata, kada ki mai da ni yaro. To na fasa ƙwallaye. Tulu zan ƙera na ƙarfe, rufe ruf ba ko kafar allura, in cika shi da cajin fozitif. Yanzu sai ki nuna mini kusurwa.

Malam Bazazzagi: Alhamdu lillahi, ka kawo kanka inda nake jiran ka. Ranar da ka rufe tulun nan, ranar rijiyarka ta cike. A cikin rufaffen ƙarfe bolt ɗaya ne ko'ina, daga tsakiya har jikin bango. Ba tudu, ba kwari, fili ne shimfiɗaɗɗe kamar farfajiyar masallacin idi. Turar da ɓangaren kusa ke yi da ƙarfi, ɓangaren nesa mai faɗi ya biya ta daidai wa daida. Michael Faraday ya gwada wannan da jikinsa a 1836 a Landan: ya sa aka yi ɗaki aka lulluɓe shi da ƙarfe, aka cika bayansa da caji har tartsatsi na tashi, shi kuwa yana zaune a ciki da kayan awonsa ko motsi ba su yi ba. Dalilin da ya sa wanda ke cikin mota mai jikin ƙarfe ya fi tsira in aradu ta faɗo ke nan.

Abin ma ya fi haka muni. Ƙwayarka in ta matsa kusa da bango, cajinta zai janyo kishiyar caji a daidai wannan wurin na ƙarfen, sai bangon ya koma jan ta. Tulun da ka ƙera don ya kore ta shi zai rungume ta.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Zancen mota na yarda da shi. Sauran ina nazari.

Autan Samaru: Malam, to wannan rashin sa'a ce ta tsarin Kawu, ko kowane tsari haka zai ƙare?

Malam Bazazzagi: Kowane tsari. Wani masanin lissafi a Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da haka tun 1842: da cajin da ke zaune wuri ɗaya kaɗai, ba za ka iya yi wa ƙwaya mai caji mazauni tabbatacce a cikin sarari ba. Ba wai ba a gano dabarar ba tukuna, a'a, lissafi ne ya rufe ƙofar.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina. Ka ɗauki layukan turar lantarki kamar ruwan sama a tsakar gida. Don wuri ya zama rijiya, dole ruwa ya kwararo cikinsa ta kowane ɓangare, kada ya fita ta ko'ina. Hakan ba ya yiwuwa sai in akwai abin da ke shanye ruwan a wurin. A harkar lantarki kuwa, caji ne kaɗai ke shanye layi ko ya haifar da shi. Wurin da babu caji, duk abin da ya shigo ta gabas da yamma tilas ya nemi rariya ta kudu da arewa ko ta sama da ƙasa. Saboda haka iyakar abin da za ka samu shi ne sirdi. Dubi sirdin dokin hawan sallah: gaba ya ɗaga, baya ya ɗaga, mahayi na zaune a kwari. Amma hagu da dama gangare ne. Ɗora masa ƙwayar boris ka gani, ba za ta yi gaba ko baya ba, ta gefen ciki za ta zube.

Sarkin Zaure: Wanda ya turo tallan fili a tsakiyar wannan magana, na goge. A ci gaba, muna ƙaruwa.

Autan Samaru: Amma Malam, ku gafarce ni, atam fa? An koya mana elektaron ɗin haidirojin a ɗaure yake, sai an ba shi elektaron-bolt 13.6 zai kuɓuta. Can ai lantarki ne zalla, kuma ba ya kaɗawa.

Malam Bazazzagi: Madalla da wannan. Koma kan sharaɗin: wurin da babu caji. A tsakiyar atam akwai furoton, ƙwaya mai cajin fozitif, zaune, shi ne mai shanye ruwan. Rijiya ce ta gaske, sai dai mai ita na zaune a gindinta. Kawu ma in ya sa waya negetif a tsakiyar tulunsa zai samu rijiya, illa dai ƙwayarsa za ta je ta manne wa wayar, wasa ya ƙare. Tambayar da ta wahalar da masana a farkon ƙarnin da ya wuce ita ce me ya hana elektaron faɗawa kan furoton haka nan. Amsar tana cikin ilimin kwantam, wato ilimin halin ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan: in ka matse elektaron a ƙaramin wuri, kuzarin motsinsa hauhawa yake, don haka akwai matakin da ba ya iya sauka ƙasa da shi. Wannan 13.6 ɗin zurfin matakin ƙarshe ne, ba zurfin ramin duka ba. Mu kuwa abin da muke nema daban ne, mu rataye ƙwaya a sarari, ba ta taɓa komai, mu yi mata kallon tsanaki.

Yayar Kowa: Bari in karɓa daga nan, don da wannan abin nake cin abinci. A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki muna da na'urar awon nauyin ƙwayoyi, kuma zuciyarta tarko ne irin wanda Wolfgang Paul ya ƙirƙiro a Jami'ar Bon ta Jamus a shekarun 1950. Zobe ne na ƙarfe da murfi biyu, sama da ƙasa, duka za su zauna a tafin hannu. Paul bai yi musu da Earnshaw ba. Ya karɓi sirdin, ya ce amma wa ya ce sai sirdin ya tsaya wuri ɗaya? Sai ya ba zoben wuta mai juyawa. Yanzu gaba da baya ne tudu, hagu da dama gangare. Kafin ƙwayar ta yi nisa a gangaren, an juya, gangaren ya zama tudu, tudun ya zama gangare. A irin namu ana juyawa wajen sau miliyan a daƙiƙa guda.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Tsaya nan. Rabin lokaci ana tura ta ciki, rabin lokaci ana tura ta waje, da ƙarfi iri ɗaya. Wanda ya ci ribar naira goma da safe ya faɗi naira goma da yamma, me ya kai gida? Ba komai. Kada ku yi mana rufa-ido.

Yayar Kowa: Kawu, wallahi nan ne daɗin abin yake, kuma ni ma sai da na yi makonni kafin ya zauna mini. Ƙarfin ba iri ɗaya ba ne, saboda ƙwayar ba wuri ɗaya take karɓar turar biyu ba. A tsakiyar tarkon babu tura ko kaɗan, tana ƙaruwa ne gwargwadon nisanka da tsakiya. Ita kuma ƙwayar karkarwa take yi a inda take, kuma da yake tana da nauyi, kullum a makare take bin umarni. Turar waje ta ba ta gudu, gudun bai kai ta ƙarshen tafiyarta ba sai da wuta ta riga ta juya. Ke nan lokacin da take can nesa, inda ƙarfi ya fi yawa, turar ciki ce ke aiki a kanta. Lokacin da ta dawo kusa, inda ƙarfi ya ragu, sannan turar waje ke samun ta. Ribar safe goma sha ɗaya ce, faɗuwar yamma tara. A tara wannan 'yar rarar sau miliyan a daƙiƙa, sai ga rijiya ta fito ta kowane ɓangare, wadda a kowane ƙiftawar ido in kun duba ba ta nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, bai damu da irin cajin ba. Fozitif ko negetif, duka tsakiya suke taruwa.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Hmm. Kamar yaro ya tsayar da sanda a tafin hannu. In hannun ya tsaya, sanda ta faɗi.

Malam Bazazzagi: Kusa da haka, sai dai yaro yana kallon sandar yana bin ta. Tarkon Paul makaho ne, bai san inda ƙwayar take ba, kaɗawarsa kawai yake yi. Shi Paul da kansa yakan nuna misalin da sirdi na gaske a kan faifai mai juyawa, ya ɗora ƙwallo, in gudun juyin ya yi daidai sai ƙwallon ya zauna. A 1989 aka ba shi kyautar Nobel tare da Hans Dehmelt kan wannan harka ta tarko, su biyu suka raba rabi, ɗaya rabin aka ba Norman Ramsey.

Yayar Kowa: Ƙaramin gyara Malam, da izininku. Sirdin faifai zagayawa yake, na cikin tarko kuwa ba ya zagayawa, lotsawa yake yana kumbura kamar fukafukin tsuntsu. Misalin na da kyau, lissafinsu dai ba ɗaya ba ne sak.

Malam Bazazzagi: Na karɓa. Almajiri ya wuce malaminsa ai abin alfahari ne.

Yayar Kowa: Kuma abin na da iyaka. In wutar ta yi yawa a kan nauyin ƙwayar, karkarwar sai ta girma har ta fice. Da wannan aibin muke awo. Mukan tara ayon iri-iri a ciki, wato atam ko ƙwayar sinadari da aka cire wa elektaron ko aka ƙara mata, sannan a riƙa ɗaga ƙarfin wutar a hankali. Marasa nauyi su fara tsalle waje, masu nauyi su biyo baya, na'ura na ƙirga su a bakin ƙofa. Daga nan ake gane abin da ke cikin magani ko ruwa ko jini. Akwai 'yar iskar hiliyom da ake sakawa ciki da gangan, ayon su riƙa karo da ita suna rage zafi suna kwanciya a tsakiya. Babban abokin gabarmu ɗauke wuta. Ranar da janareta ya ƙi tashi, famfon zuƙe iska ya tsaya, sai da muka kwana muka wuni muna jiran na'urar ta koma hayyacinta. Ƙarar famfon nan har a mafarki nake jin ta.

Ɗan Kasuwar Waya: Ina bin ku a hankali duk da kaina ya fara hayaƙi. Shi Dehmelt ɗin me ya yi nasa?

Malam Bazazzagi: Shi ta wata ƙofar ya bi. Ya bar sirdin a tsaye yadda yake, tudu ta sama da ƙasa, gangare ta gefe, sai ya kawo maganaɗisu mai ƙarfi ya tsare gefen. Ya sa wa tarkon sunan Frans Penning, wani masani ɗan Holan wanda aikinsa ya ba shi hasken abin. Bakano, kai za ka gaya mana abin da maganaɗisu ke yi wa elektaron.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Wannan kam a gidana ake yi. Kusanto da mayen ƙarfen lasifika jikin gilashin tsohuwar talabijin, ka ga fuskar mai karanta labarai ta koma shuɗi da kore, hoto ya karkace. Yara sun sha kawo mini irin wannan aika-aika. Lanƙwasa hanyar elektaron yake yi. Ai naɗin wayar da ke wuyan kwalbar ma aikinsa ke nan, shi ke yawo da tsinin hasken layi bayan layi.

Malam Bazazzagi: To shi ke nan. Maganaɗisu ba ya ƙara wa ƙwaya gudu, ba ya rage mata, karkatar da ita kawai yake yi, kuma sai tana motsi yake ganin ta. Shi ya sa hukuncin Earnshaw bai hau kansa ba. Ƙwayar ta fara gangarawa gefe, sai a murɗe ta, ta koma zagaye. A ƙarfin tesla ɗaya, wato ma'aunin maganaɗisu, elektaron na kewayawa wajen sau biliyan 28 a daƙiƙa. Motsi uku take yi lokaci guda: tana lilo sama da ƙasa a rijiyar lantarki, tana ƙaramin zagaye mai tsananin sauri, sannan wannan ƙaramin zagayen yana tafiya a hankali yana kewaya tsakiyar tarkon.

Auta, lura da na ukun nan. Ta gefe ƙwayar ba a rijiya take ba sam. A kan tsauni take, tana kewaya ƙoƙuwarsa, maganaɗisu ne ya hana ta gangarowa. In ta yi karo da iska ta yi asarar kuzari, ba tsakiya take komawa ba, da'irar faɗaɗa take yi har ta bugi bango. Iskar da ke taimakon tarkon Yayarku ita ce ajalin wannan. Don haka ake zuƙe iskar ƙarƙaf, a sanyaya tarkon zuwa wajen digiri 4 sama da ƙarshen sanyi, wato sanyin da babu wanda ya fi shi. A 1973, a Jami'ar Washinton da ke Siyatil, Dehmelt da abokan aikinsa suka killace elektaron guda ɗaya tak. A cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN da ke kusa da Janiba kuma, wani gwaji mai suna BASE ya ajiye kishiyoyin furoton, wato masu nauyin furoton amma cajinsu negetif, har kwana 405. Abin da in ya taɓa kowane irin bango zai ɓace nan take, aka riƙe shi fiye da shekara.

Autan Samaru: Ikon Allah. To Malam, tunda ana iya wannan, me ya hana a haƙa rijiya mai zurfin gaske, a zuba ƙwayoyin haidirojin su yi ta karo a tsakiya suna haɗewa kamar yadda ake yi a cikin rana, mu huta da matsalar wuta?

Malam Bazazzagi: An gwada. Philo Farnsworth, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro talabijin ɗin da Bakano ke ci da ita, shi da Robert Hirsch sun yi irin wannan a shekarun 1960. Kejin waya ne a tsakiya mai negetif na dubban bolt, ayon su gangaro su ratsa ta cikinsa su haura ɗaya gefen su dawo. Haɗewar na faruwa, amma mafi yawansu kejin suke bugawa tun kafin su samu abokin karo, wutar da ake zubawa ta ninka wadda ke fitowa nesa ba kusa ba. Ga kuma abin da na ce ka riƙe tun farko. In ka tara fozitif zalla, suna yawa suna tura juna, su cike rijiyar da kansu. In ka gauraya su da elektaron don su lafa, kwarin wannan tsaunin wancan ne. Shi ya sa manyan ayyukan haɗe ƙwayoyi irin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa suka dogara da maganaɗisu, su riƙe iskar da zafinta zai kai digiri miliyan 150.

Ɗan Arlit: Salamu alaikum, tun ɗazu ina saurare daga nan arewacin Nijar. Ni abu guda ya tsaya mini. Malam kun ce ba a fita rijiya sai da kuzarin da ya kai zurfinta. To mu nan da yuraniyom muka tashi, ana haƙar shi a bayan gari. An ce kullum yana fitar da wasu ƙwayoyi daga cikinsa, ba wanda ya zafafa shi, ba wanda ya taɓa shi. Wa ke ba su kuɗin motar?

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam mutanen Arlit. Ka kama ni, abin da na faɗa da farko dokar manyan abubuwa ce. Ƙwayar da ke fita daga yuraniyom-238, wadda ake kira alfa, kuzarinta wajen elektaron-bolt miliyan 4.2 ne, katangar kuzarin da ke kewaye da ita a tsakiyar atam ɗin kuwa ta haura miliyan 25. A lissafin boris da kasko, har abada ba za ta fita ba. George Gamow ya warware wannan a 1928, Gurney da Condon ma suka gano haka a shekarar ba tare da sun haɗa kai da shi ba. A ilimin kwantam ƙwaya tana da halin igiyar ruwa, kuma igiyar ba ta yankewa tsaf a jikin katanga, tana ɗan tsiyaya ciki tana dusashewa. In katangar ba ta cika kauri ba, wani ɗan burbushi na kaiwa waje. Ke nan duk bugun da ta yi wa bango akwai 'yar dama ƙanƙanuwa ta tsinci kanta a bayansa, ba tare da ta haura ba.

Dubi yadda abin ke da tsanani. Yuraniyom-238 sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ruɓe. Foloniyom-212, wanda alfarsa ke da wajen miliyan 8.8, ninki biyu da ɗan ɗori kawai, rabinsa na ƙarewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ɗan ƙarin tsayi a cikin rijiya, katangar da ta rage ta sirance, sai bambanci ya zama na sama da ƙasa.

Ɗan Arlit: To ashe dutsen da muke takawa tun kafin a yi mutane yake wannan yoyon. Na gode Malam.

Ɗan Kasuwar Waya: Ni dai ku gaya mini gaskiya, banda masu farar riga, wa wannan ya taɓa amfana?

Yayar Kowa: Kai da kake sayar da shi kullum? Memorin da ke cikin wayoyin shagonka rijiyoyi ne biliyoyi. Kowace ɗaya ɗan wuri ne da aka kewaye da siririn bango mai hana lantarki wucewa, kaurinsa 'yan nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, tsayin katangarsa wajen elektaron-bolt 3. In za a rubuta, sai a ɗaga wuta zuwa bolt goma sha wani abu, elektaron su ratsa bangon ta irin hanyar da Malam ya gama faɗa wa Ɗan Arlit. A sauke wutar, su makale a ciki. Cire batir ka ajiye wayar, hotunan biki na nan, don zafin ɗaki bai isa ya tsallakar da su ba. Kowane rubutu da gogewa yana ɗan raunata bangon, zafi kuma na ƙara saurin yoyo. Tsohon memori da ya sha aiki, aka bar shi a mota cikin ranar Afrilu, kada ka yi mamaki in ya fara mantuwa. Waɗannan kuma a cikin daskararren abu suke, bangon da atam aka gina shi, don haka ba ruwansu da matsalar sirdi.

Ɗan Kasuwar Waya: Daga yau na daina shanya su a gilashin gaban shago.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Tulu dai na janye shi, kada Bazazzagi ya ce Kanawa ba sa karɓar gaskiya. Amma wannan rarar ta goma sha ɗaya da tara, sai na gani da idona. Na ji an ce ana rataye ƙura a iska da zobe da wutar gida in an ɗaga ta da taransifoma. Ina da su birjik a shago.

Malam Bazazzagi: Ana yi, ƙura mai caji da yake tana da nauyi juyi 50 a daƙiƙa na wutar gida ya ishe ta. Amma dubban bolt ake magana, kuma shagonka cike yake da yara masu koyon aiki. Wanda ya jefar da kai daga benci wancan karon rangwame ya yi maka. Bar wannan, yi na sirdin.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Shi ke nan. Akwai injin tsohuwar fanka, akwai regileta. Zan sa mai walda ya lanƙwasa mini faranti.

Yayar Kowa: Kawu, a goge farantin ya yi sumul, kuma tsakiyarsa ta hau kan sandar injin daidai, in ya goce ko kaɗan zai yi wurgi da boris ɗin. Ku fara da gudu kaɗan za ku ga ya zube gefe, ku riƙa ƙarawa har ku kai inda zai zauna. Ko ya zauna ba zai dawwama ba, gogayya za ta fitar da shi daga baya. Ku sa tabarau, ku kuma kewaye shi da kwali.

Kawu Bakano Mai Rediyo: Auta, in kun samu hutu ranar Asabar shigo Kano da wayarka mai kyamara. Kuɗin motar dawowa a wuyana. Na zuwa kuma Bazazzagi ya biya, tunda shi ya jawo.

Malam Bazazzagi: Zan biya. A dai ɗauko mini har da inda boris ɗin ya fara zubewa, kada a yanke.